Rawar hannun Baba da maganar dasa waya a ƙwaƙwalwa

Wani ɗan'uwa daga ƙauye a ƙasar Ringim ya rubuto min, ga abinda yace a taƙaice: mahaifinsa malamin allo ne, ya kai shekara 67, yau kusan shekara 8 kenan hannuwansa suna rawa, har ta kai in ya ɗago ludayin fura rabi a riga yake ƙarewa, rubutun allo kuwa ya haƙura ya bar wa manyan almajirai. Amma in yana zaune hannun yana kan cinya shiru kake ji. Yayar Baban ma kanta yana kaɗawa, haka marigayi kakansu. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an jiƙa saiwoyi. Sai ya ga bidiyo a Facebook, wani Bature hannunsa yana kaɗawa aka danna wani abu kamar rimot hannun ya tsaya cak, akace waya aka dasa masa a ƙwaƙwalwa. Shine yake tambaya wai gaskiya ne ko haɗi ne, in kuma gaskiya ne su sayar da gonarsu ta fadama su kai Baba Indiya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya yasa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku da irin wannan kulawa. Bidiyon nan ba haɗi bane, aikin gaskiya ne kuma an fi shekara 30 ana yinsa. Amma dan Allah kar ku taɓa fadamar nan tukuna, ka bari ka karanta abinda zan faɗa har ƙarshe, sabida ni aikina kenan duba masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, kuma abinda bidiyo yake nunawa minti ɗaya ne daga cikin tafiyar da ake yi har ƙarshen rayuwa.

Mu fara da ciwon kansa. Ban ga Baba da idona ba, amma yanda ka siffanta shi, hannu biyu, shekaru masu yawa, yana tashi lokacin da za a yi aiki da hannun ya kwanta in an huta, ga shi a dangi, wannan yafi kama da abinda likitoci suke ce ma isenshal tiremo, ni kuma in ina yi ma mutanenmu bayani nakan ce karkarwar gado, duk da ba kowa ne ya gada ba, wajen rabin masu ita ne ake samun wani a gidansu mai irinta. Tana da yawa fiye da yanda ake zato, binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita, a waɗanda suka haura 65 kuwa abin yana kaiwa 4 zuwa 5 cikin 100. Ka duba masallacinku ranar Juma'a, sahun dattijai, zaka ga hannun da yake rawa wajen ɗaga shi a addu'a ba ɗaya ba ba biyu ba. Ka'idar da masana suka amince da ita a 2018 ita ce sai rawar ta kama hannu biyu, lokacin aiki, ta kai aƙalla shekara 3, kuma babu wata alamar ciwon ƙwaƙwalwa tare da ita, sannan a kira ta da wannan sunan.

Mutane suna haɗa ta da cutar Fakinsin, alhali ba ɗaya bane, kuma bambancin yana da amfani sosai tunda maganinsu daban. Mai Fakinsin hannunsa yafi rawa lokacin da yake zaune ba ya komai, yatsun suna motsi kamar mai jan carbi, in ya miƙa hannu zai ɗauki kofi sai rawar ta ragu, yawanci ɓari ɗaya take farawa, ga jiki ya yi nauyi, tafiya ta zama ƙanana-ƙananan taku, fuska ta daina motsi sosai, rubutu ya ƙanƙance. Mai karkarwar gado kuwa akasin haka, yana zaune lafiya lau, da ya ɗauki alƙalami ko ya ɗebo ruwan alwala a tafi sai abin ya tashi, rubutunsa manya-manya ne masu zigizaga, wani kansa yana kaɗawa kamar yana cewa a'a ko eh, wani muryarsa ce take rawa in yana karatu. Ba ta kisa, ba ta shanye jiki, ba iska bace ba kuma sammu ba. Abinda take ci a jikin mutum shine mutuncinsa a gaban jama'a, na ga dattijan da suka daina zuwa ɗaurin aure da walima dan kar a miƙo musu kofi a gaban mutane, na ga wanda ya daina cin abinci da 'ya'yansa a kwano ɗaya. Dan haka in wani yace muku ai tsufa ne a ƙyale shi, ni ban yarda ba, abu ne da ake nema ma magani.

Kafin ayi maganar kowace tiyata akwai abubuwan da dole a cire. Ciwon maƙoƙo mai sa sinadarin wuya ya yi yawa yana kawo rawar hannu da rama da bugun zuciya da gumi, gwajin jini ɗaya ne yake nuna shi. Maganin asma na shaƙa irin su Ventolin yana sa hannu rawa, haka maganin farfaɗiya mai suna Epilim, da wasu magungunan taɓin hankali, da suga in ya sauka. Sannan ga wanda muke mantawa da shi kullum, goro. Goro yana da sinadarin kafin irin na kofi, malamin da yake tauna goro tun daga asuba har lisha ga shayi mai kauri da Nescafe, ko ba shi ne ya kawo rawar ba to yana ƙara mata ƙarfi. Rashin barci, fushi, gajiya, yunwar azumi, duk suna tayar da ita.

In an tabbatar ita ce, magani ake fara gwadawa, kuma magunguna biyu ne a gaba. Na farko a kwali zaka ga an rubuta Propranolol, tsohon maganin zuciya da hawan jini ne, yana da arha ana samunsa a ko'ina. Na biyu Primidone, shi asalinsa na farfaɗiya ne, yafi wuyar samu a wajenmu. Kamar rabin mutane ko sama da haka suna samun sauƙi da ɗaya daga ciki, kuma sauƙin ba wai hannu ya tsaya cak bane, rawar ce take raguwa kamar da rabi, wanda sau da yawa ya isa mutum ya sha furarsa bai zubar ba. Amma kar kaje kemis ka siyo ma Baba Propranolol da kanka. Mai asma zai iya shaƙe shi, mai bugun zuciya a hankali zai iya sumar da shi, mai ciwon suga yana ɓoye masa alamun saukar suga, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Primidone shi kuma ƙwayar farko takan bugar da mutum da jiri da tashin zuciya, sai kaga an jefar an ce bai karɓe shi ba, alhali da an fara da ɗan mitsitsi da daddare an ƙara a hankali da jiki ya saba. Mafi yawan waɗanda suke ce min sun sha magani bai yi ba, in na bincika sai naga sati biyu suka sha a mafi ƙarancin awo suka bari. Wannan ba a ce an gwada ba. Akwai na uku da na huɗu irin su Topiramate in waɗancan sun ƙi.

Toh yanzu ga maganar wayar, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da DBS, wato sakin lantarki a can cikin ƙwaƙwalwa. Dan ka gane ta sai ka san daga ina rawar take fitowa, sabida hannun kansa lafiyarsa ƙalau. A ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda aikinta daidaita motsi, tana aika saƙo zuwa wata tasha a can tsakiyar kai da ake ce ma talamos, daga nan saƙon ya hau sama zuwa ɓangaren da yake ba hannu umarni, ya zagayo ya dawo. A mai lafiya ƙwayoyin jijiyar da suke kan wannan hanya kowacce tana aikinta a lokacinta. A mai karkarwa sai su haɗa baki su riƙa bugawa tare, kamar mata suna lugude a turmi ɗaya, tim tim tim, sau 4 zuwa 12 a daƙiƙa guda, hannu kuma sai ya bi wannan kiɗan. Duk wata tiyatar karkarwa manufarta ɗaya, a katse luguden a tashar nan ta talamos, a wani ɗan gurbi da bai wuce girman ƙwayar wake ba wanda ake kira VIM.

Tun shekarun 1950 likitoci sun san in aka ƙona wannan gurbin rawar tana tsayawa. Matsalar ita ce ƙuna ba ta dawowa, in an kuskure ko da kaɗan shikenan, in kuma aka ƙona ɓari biyu mutane da yawa maganarsu takan lalace. A 1987 a garin Giranobul na Faransa wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Alim-Louis Benabid, wanda mahaifinsa ɗan Aljeriya ne, yana aiki da abokin aikinsa Pierre Pollak. Al'ada ce kafin a ƙona sai a ɗan saki lantarki kaɗan ta wayar dan a tabbatar an iso wurin, shi kuma sai ya lura in ya ƙara saurin bugun lantarkin ya haura 100 a daƙiƙa rawar tana ɗaukewa nan take, in ya kashe ta dawo. Daga nan tunanin ya zo, me zai hana a bar wayar a ciki a haɗa ta da batir a fasa ƙunar gaba ɗaya? Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da aikin dan karkarwa a 1997, tun kafin ta amince da shi dan sauran alamomin Fakinsin a 2002. A 2000 likitoci a Amsitadam ta Holan suka fitar da gwajin da suka raba marasa lafiya gida biyu, wasu ƙuna wasu waya, suka ga duka biyun suna tsayar da rawa amma masu waya sun fi ƙarancin illa kuma sun fi iya hidimar yau da kullum. Benabid ya samu lambar yabo ta Lasker a 2014 tare da Mahlon DeLong na Amurka. Kaga ba sabon abu bane da ake gwaji a kan mutane.

Yanda ake yi kuwa, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI, a ɗaura ma kai wani ƙarfe mai awo dan kar ya motsa, a lissafa hanya da kwamfuta, a huda ƙoƙon kai ƙofa kamar faɗin kwabo, a zura waya siririya wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya da rabi ba har can ciki. A wurare da yawa mutum idonsa biyu ake yi, fatar kai kawai ake kashewa da allura tunda ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi, dan likita yana so ya miƙa masa kofi ya riƙe, ya sa shi ya zana layi mai nannaɗewa kamar maganin sauro na hayaƙi, ya sa shi magana, ana sakin lantarki ana kallo. In hannu ya tsaya magana ba ta sarƙe ba to an samu wuri. Bayan nan a yi masa allurar barci a binne batir a ƙarƙashin fata a saman ƙirji ƙasan ƙashin wuya, a biyo da waya ta bayan kunne duk a ƙarƙashin fata, ba abinda yake leƙowa waje. Wayar ɓarin hagu hannun dama take gyarawa, ta dama kuma na hagu. Bayan 'yan makonni sai a fara saiti, a zaɓi wane baki na wayar zai yi aiki, ƙarfin nawa, saurin nawa, yawanci tsakanin bugu 130 zuwa 185 a daƙiƙa. Saitin nan ba zama ɗaya bane, ana komawa sau da yawa a watannin farko, daga baya kuma lokaci-lokaci. Sallah, sujada, wanka, alwala duk ba matsala in ciwo ya warke.

In an zaɓi wanda ya dace kuma wayar ta zauna daidai, rawar hannu tana raguwa da kashi 60 zuwa 90 cikin 100, wallahi abu ne mai sa hawaye ranar da aka kunna, mutumin da ya shekara goma bai kai cokali bakinsa ba ya ɗauki kofi cike da ruwa ya sha. Rawar kai da ta murya sun fi taurin kai, su galibi sai an sa waya ɓari biyu. Amma dole na faɗa maka ɗaya gefen. Wajen shigar da wayar jini zai iya tsinkewa a ƙwaƙwalwa a kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, wani ba ya ma sanin anyi, wani kuma ya zame masa shanyewar ɓarin jiki, kaɗan ma sukan rasa rai. Ƙwayoyin cuta suna iya kama wurin batir ko wayar a 'yan kaɗan cikin 100, in kuwa suka kama sau da yawa sai an cire na'urar duka an yi magani an sake. Lantarkin kansa in ya fantsama gefe yana sa harshe ya yi nauyi, ko tafiya da tangaɗi, ko jin yarr a leɓe da yatsu, musamman in ɓari biyu ne, kyawun abin dai ana iya rage shi ko a kashe, wanda ƙuna ba ta da wannan. Malamin da karatu da baki shine rayuwarsa, nauyin harshe ba ƙaramin abu bane a wajensa, dole a auna.

Sai babbar matsalar da masu bincike suke ta fama da ita har yau, wato a wasu mutane bayan shekaru amfanin yana raguwa, a ƙara wuta rawar ta lafa, bayan wata biyu ta dawo, a sake ƙarawa har a kai inda harshe zai sarƙe. Masana sun rabu, wasu sunce ƙwaƙwalwa ce take sabawa da lantarkin, wasu sunce ciwon ne dama yake ci gaba tunda wayar ba ta warkar da shi rufe shi kawai take yi, wasu sunce tun farko wayar ce ba ta zauna daidai ba. Ni a ganina duka ukun suna faruwa, ya danganta da mutum. Shi yasa ake ce ma masu karkarwar gado su kashe na'urar in za su kwanta, tunda ba a rawa a barci, batir ya huta ƙwaƙwalwa ma ta huta.

Kusan duk binciken da ake yi yanzu a kan wannan matsalar yake zagayawa. Wasu sunce mu sauko ƙasa kaɗan da talamos inda igiyoyin jijiyar da suka taso daga ƙeya suke haɗuwa a matse kafin su bazu, kamar ka tare ruwa a bakin kwalbati maimakon ka bi shi cikin fadama, likitocin Umiya a Suwidin da na Biristol a Ingila sun daɗe suna aiki a nan, kuma wani gwaji da aka yi a Kolon ta Jamus aka fitar a 2018 ya nuna wurin yana tsayar da rawa kamar VIM amma da wuta ƙasa da haka. A Firaibog, a Jamus ɗin dai, sun mayar da hankali kan wani salon hoton MRI da yake zana igiyar jijiyar ta kowane mutum dan a nufe ta kai tsaye maimakon a dogara da taswirar kan wani. Wayoyin ma sun canza, tsofaffin baki 4 ne da su kuma wutar tana fita ko'ina kamar fitilar ƙwai, sababbin na kamfanoni irin su Abbott da Boston Scientific da Medtronic suna da baki 8 a rarrabe, ana iya haska wutar gefe ɗaya kamar tocila, a kauce ma inda yake taɓa magana.

Wanda yafi burge ni shine na'ura mai sauraro. Tunda karkarwar gado sai za a yi aiki take tashi, me yasa za a bar wuta a kunne awa 16 mutum yana zaune yana hira? A jami'ar Fulorida a Amurka sun gwada a mutum 3, suka fitar a 2020, sun sa wata ƙaramar waya a saman ƙwaƙwalwa tana jin lokacin da mutum ya yi niyyar motsa hannu sai na'urar ta kunna kanta, ya ajiye hannu ta kashe, rawar ta tsaya kamar yanda take tsayawa da mai ci kullum amma da ƙarancin cin batir. Jami'ar Washintan ma ta yi irin wannan aikin. Mutum 3 ba yawa bane, dan haka a karkarwar gado abin yana matakin bincike, amma a Fakinsin Amurka ta riga ta amince da na'ura mai daidaita kanta a farkon 2025. Akwai kuma saiti daga nesa ta intanet, Abbott sun samu izininsa a 2021, kamfanonin Sin ma irin su PINS sun daɗe suna yi, likita yana birninsa mara lafiya yana gida ana gyara masa ta bidiyo. In akwai abinda zai kawo wannan aikin kusa da irinmu to wannan ne, amma shi ma sai da sabis mai ƙarfi da wani likita a kusa da zai duba in fata ta kumbura.

Akwai wata hanyar da ya kamata ka sani tunda in kun je waje za a ambata muku. Ana aske kai, a sa mutum a cikin injin MRI da wata hula, a tattara sautin da kunne ba ya ji daga wurare sama da 1000 su haɗu a gurbi ɗaya su ƙona shi, kamar yanda yara suke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda, ba yanka ba huda ba batir. Gwajin da jami'ar Bajiniya ta jagoranta a kan mutum 76 ya fito a 2016, rawar hannu ta ragu da kusan rabi, a wannan shekarar kuma Amurka ta amince da shi, a ƙarshen 2022 kuma ta yarda ayi ɗaya ɓarin bayan watanni. Ga mutumin ƙauye wannan yana da ma'ana sosai tunda an gama an gama, ba komawa saiti. Sai dai ƙuna ce, in ta bar dindiris a yatsu ko tangaɗi ba rimot ɗin da zai kashe, ba kowane ƙoƙon kai ne sautin yake ratsawa da kyau ba, injin kuma a manyan cibiyoyi ƙalilan yake.

Yanzu mu dawo Ringim. Mutanenmu da na gani da wannan na'urar waje suka je, Indiya ko Masar, kuma kuɗin na'urar da tiyata da jirgi da masauki na mutum biyu miliyoyin naira ne masu yawan gaske, a canjin yanzu da wuya fadama ɗaya ta biya. Ko ta biya, ranar da kuka dawo ne lissafi yake farawa. Batir mara caji shekara 3 zuwa 5 yake yi a sake tiyata a canza shi da wani kuɗin, mai caji yana kaiwa wajen shekara 15 amma sai an riƙa ɗora masa caja a ƙirji duk 'yan kwanaki, a garin da wuta sai ta ga dama, sai kun tanadi sola. Kowane kamfani da na'urar saitinsa, likitan da ba shi da irinta ko ya iya ba abinda zai yi. Ba a shiga MRI haka kawai, ba a gasa jiki da injin zafi na masu gashin ƙashi a asibiti, walda ma sai an yi hattara, kuma an samu rahoton wasu masu na'urar da suka iya ruwa da suka kasa iyo bayan an kunna, dan haka mutanen bakin kogin Haɗeja su kiyaye. Na taɓa ganin wani bawan Allah da 'ya'yansa suka haɗa kuɗi aka yi masa a waje, shekara biyu yana cikin jin daɗi, sai fatar kan batir ta fara ja tana ruwa, asibitin da suka yi aikin suka ce a dawo da shi, kuɗin komawa babu tunda an riga an sayar da abin sayarwa, ƙarshe cire na'urar aka yi dan a ceci ransa, rawar ta dawo gonar kuma ta tafi. Har yau in na tuna fuskar babban ɗansa sai naji ba daɗi, ba laifinsu bane, ba wanda ya zaunar da su ya yi musu lissafin shekara goma kafin su hau jirgi.

Da Babana ne ga abinda zan yi. Zan kai shi babban asibitin da yake kusa a duba jininsa da suga da bugun zuciya a rubuto takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiya, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana da wannan sashen, ta wajenku kuma akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da na tarayya a Birnin Kudu da za a iya farawa da su. Zan ɗauki bidiyonsa da waya yana zaune, yana miƙe hannu, yana shan ruwa, yana rubutu, yana tafiya, sabida wani lokacin a gaban likita rawar takan canza. Zan zuba duk magungunan da yake sha a leda har na gargajiya na tafi da su, na kuma tafi da tsohon rubutunsa da na yanzu. Zan lallashe shi ya rage goro da shayi a hankali na wata ɗaya mu gani. A gida a ba shi kofi mai nauyi mai murfi a zuba rabi, ludayi mai zurfi, ya riƙa dafa gwiwar hannu a cinya in zai kai baki, alƙalami a naɗa masa tsumma ya yi kauri, ƙananan abubuwa ne amma suna aiki. Sannan a ba magani haƙƙinsa, wata 3 zuwa 6 ana ƙara awo a hannun likita ɗaya, in na farko bai yi ba a koma na biyu ko a haɗa su.

In an yi duk wannan rawar tana nan ta hana shi ci da sha da kansa, ƙwaƙwalwarsa garau ba mantuwa, zuciya da hawan jini a daidaice, to a lokacin maganar tiyata ta zama magana, kuma shekara 67 ba ta hana. Ko a nan zan ce a fara da ɓari ɗaya dan hannun dama, hannun ci da rubutu, illarsa tafi sauƙi kuɗinsa ma haka. Kafin ku biya ko sisi ku tambayi asibitin a rubuce mutum nawa suke yi ma wannan aikin a shekara, wane kamfani ne na'urar, wa zai yi saiti in kun dawo Najeriya, nawa ne canjin batir, me za ayi in wurin ya kama ciwo, ku kuma tambaye su ko Baba ya dace da hanyar sautin nan. Ku yi hattara da dillalan asibitocin waje masu kira a waya suna cewa a turo kuɗi kafin likita ya ga ko hoto ɗaya.

Abu na ƙarshe, ku tambayi Baba shi me yake so. Wani dattijon burinsa kawai ya sha fura a gaban baƙi ba kunya, wannan Propranolol da kofi mai murfi suna iya ba shi. Wani kuma alƙalaminsa yake so ya dawo hannunsa ya rubuta allo kafin ya koma ga Allah, shi lissafinsa daban ne, kuma kansa za a huda dan haka shi ne mai cewa eh ko a'a. Yayar tasa mai rawar kai ma ku tafi da ita rana ɗaya a duba su tare, ganin su biyu zai taimaki likita wajen tabbatar da ciwon. Ka gaishe min da Baba, in kun je an fara maganin ka rubuto min yanda hannun ya yi bayan wata ɗaya.